Gayyar Manhajoji: Yaya Ake Sa Wakilan Kwamfuta Su Yi Aiki Tare?

Mene ne wakili a fagen ƙirƙirarriyar basira?

Manhaja ce da ke duba halin da take ciki, ta yanke shawara da kanta, ta aiwatar. In aka tara irinta da yawa a kan aiki guda, gayya ke nan. Gasar RoboCup, wadda aka fara a Nagoya ta ƙasar Japan a 1997, ita ce misali mafi sauƙi: mutum-mutumi ne ke buga ƙwallo, a wasu rukunan gasar kowane da nasa idon, babu wanda ke ganin filin duka.

To, wa ke raba musu aiki?

Wani lokaci a naɗa shugaba. Wani lokaci kuma a bi tsarin da Reid Smith ya wallafa a 1980, mai kama da bayar da kwangila: mai aiki ya yi shela, masu iyawa su taya, ya zaɓi wanda ya fi dacewa. Wanda ya ba da kwangila yanzu, an jima shi ne ɗan kwangilar wani.

Ina gizo ke saƙar?

Wajen rabon lada, wato makin da ake ba wakili yayin horar da shi in ya yi daidai. Ƙungiya ta ci, amma ƙoƙarin wa? In aka saka wa kowa daidai yayin horo, sai a sami ɗan cin banza, kamar mai zuwa gayya ya riƙe fartanya yana jiran fura. In kuma kowa aka biya shi kan nasa kaɗai, son kai ya shigo.

Dubi OpenAI Five, gayyar wakilai biyar ta kamfanin OpenAI, wadda ta doke zakarun duniya, ƙungiyar OG, a wasan kwamfuta na Dota 2 a Afrilun 2019. Masu horar da ita sun sa wani ma'auni tsakanin 0 da 1: da farko kowane ɗan wasa ladansa ya fi dame shi, a hankali aka riƙa ɗaga ma'aunin har ladan ƙungiya ya rinjaya. Abin mamaki, ba a ba su wata kafar aika wa juna saƙo ba.

Wakilan yanzu masu rubutu da hira fa?

Akan sa ɗaya ya rubuta manhaja, wani ya duba. Ni dai ba na sakin jiki da wannan in tushensu ɗaya ne, wato daga manhaja guda aka gina su, domin kuskuren da ya shige wa na farko yakan shige wa na biyu, su yi ta yabon juna. Gara a ba mai dubawar damar kunna manhajar ya gwada, ya ga inda za ta tsaya.