Murjani dabba ne, ba dutse ba

Sau uku na ji kalmar a rediyo cikin mako guda, kuma kowane mai karanta labari da tasa fassarar. Na farko ya ce zafi yana lalata duwatsun ƙarƙashin teku. Na biyu ya ce furannin teku ne ke bushewa. Na uku ya ce ciyawa ce. Dukkansu abu ɗaya suke nufi, murjani, wanda sunansa ya yawaita a labarai tun watan Afrilun 2024, lokacin da masana teku a Amurka suka sanar cewa karo na huɗu ke nan zafin ruwa yana kore launin murjani a faɗin duniya. Ga kuma bidiyoyin da suka cika wayoyin samarinmu na Birnin Kebbi: akwatin gilashi da shuɗin haske, wasu abubuwa masu launi suna rausaya a ciki, kifi ruwan lemo mai farin ɗamara yana shiga yana fita. Tun da aka kafa ma'aikatar tattalin arzikin teku a 2023 ma, na sha jin ana lissafa murjani cikin dukiyar da wai ke kwance a ruwayenmu, har da na Yauri. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Kalmar ba baƙuwa ba ce. Kakata tana da ɗauri guda na murjani da take ajiyewa a cikin wata 'yar tasa mai murfi, an naɗe shi da tsumman atamfa. Ja ne mai ɗan duhu, ƙwayoyin dogaye kamar gaɓar kara, babu biyu da suka yi daidai da juna. Idan ta ɗora maka a tafin hannu sai ka ji sanyi da nauyi, abin da na roba ba ya da shi. Ba ta fito da shi sai ranar biki ko suna. Da za ka tambaye ta mene ne, cewa za ta yi dutse ne daga gabas, kuma ba wanda zai ga laifinta, domin abin da ya iso hannunta ya riga ya zama kamar dutse.

Daga Larabci muka aro sunan, marjan. Duk wanda ya yi karatun allo ya wuce ta kansa a Suratur Rahman, inda aka ambace shi sau biyu: tare da lu'ulu'u a matsayin abin da ke fitowa daga teku, sannan tare da yaƙutu wajen siffanta matan Aljanna. Malaman tafsiri ma sun yi saɓani a kansa, wasu suka ce ƙananan lu'ulu'u ne, wasu suka ce jan dutsen ado ne. Wannan jan, irin na kakata, asalinsa Bahar Rum ne. Masunta na ciro shi daga gaɓar Italiya da Tunisiya da Aljeriya, kuma garin Torre del Greco kusa da Naples ya yi suna wajen sassaƙa shi. Ayarin raƙuma ne suka tsallako da shi Sahara zuwa kasuwanninmu, yayin da ta kudu jiragen Fotigal suka kai wa Sarkin Bini nasa, wanda har yau shi ne kayan sarautarsu. To ka ga mu ba mu taɓa saduwa da murjani yana raye ba. Ƙashinsa muka sani, bayan an kankare, an goge, an huda, an zura zare. Sunan da muka gada sunan gawa ne, shi ya sa da mai ran ya bayyana a wayoyinmu muka rasa inda za mu ajiye shi.

Turawan da ke zaune a bakin tekun ma sun daɗe cikin ruɗu. A 1706 wani masani ɗan Italiya mai suna Marsigli ya sa reshen jan murjani a ruwan teku, ya ga wasu fararen abubuwa sun buɗe a jikinsa, ya yi shelar cewa ya ga furen murjani. Sai a shekarun 1720 wani likita ɗan Faransa, Peyssonnel, ya lura cewa waɗannan furanni suna motsi, suna janyewa idan an taɓa su. Ya ce dabbobi ne, manyan masana na lokacin suka ƙi yarda da shi.

Gaskiyarsa ce. Kowane "fure" wata 'yar halitta ce mai siffar ƙaramin buhu, da baki ɗaya a sama kewaye da 'yan yatsu masu harbi, da su take cafke ƙananan halittun da ruwa ya kawo. Tana tsotso sinadarin kalsiyam daga ruwan teku ta gina wa kanta mazauni mai tauri, 'ya'yanta su yi gini a kan nata, jikoki su ɗora a kan na 'ya'ya. Wanda ya san suri ya fahimci wannan. Idan ka ga suri ya fi mutum tsawo a daji, ba ka cewa dutse ne, ka san gara ce ta gina, kuma idan ka ɓalle gefensa ka kai gida, ƙasa ka ɗauko, ba gara ba. Tudun murjani surin teku ne. Wanda ke gabas da Ostareliya ya kai tsawon kilomita 2,300. Alhazanmu da ke sauka Jidda suna dab da wani, domin Bahar Maliya cike take da shi.

Sai dai akwai wani rabe-rabe da masu fassara ke tsallakewa, kuma a nan ne mai son kafa akwatin gilashi ya kamata ya buɗe kunne. Jan murjanin ado ya fi son inuwa, cikin kogunan dutse da zurfin teku, abin da ya kama da yatsunsa kawai yake ci, kuma kaurinsa ba ya ƙaruwa da ko milimita ɗaya a shekara. Wanda kuke gani a bidiyo wani iri ne dabam, na ruwa mara zurfi mai ɗumi, kuma yana da baƙuwa a cikin tsokarsa: wata gansakuka ƙanƙanuwa da ido ba ya gani. Zamansu irin tsohuwar yarjejeniyar manomi da makiyayi ce bayan girbi. Makiyayi ya sauka a gona, shanu su ci kara, su bar wa mai gona taki. Gansakukar tana samun masauki da abin da dabbar ta fitar, ita kuma tana amfani da hasken rana ta haɗa sukari ta ciyar da mai masaukinta. Mafi yawan abincin murjanin daga nan yake fitowa, haka ma yawancin launinsa. Wannan ne dalilin fitilar nan mai ƙarfi da ke saman akwatin. Ba don ado aka sa ta ba, ita ce ranar da ake noma da ita.

Idan ruwa ya ɗara zafin da suka saba da shi da digiri ɗaya kacal, ya kuma daɗe haka na makonni, zaman ya ɓaci. Murjanin ya kori baƙuwarsa, tsokarsa ta zama garau, farin ƙashin ya bayyana. Bai mutu ba tukuna, yunwa yake ji, kuma idan ruwan ya huce da wuri yana iya farfaɗowa. Wannan shi ne labarin da aka so gaya mana a rediyo. Dutse ba ya jin yunwa, don haka duk wanda ya fassara shi da dutse ya kashe labarin tun kafin ya karanta shi.

Ɗan yayata na cikin waɗanda bidiyon ya kama. Yaro ne mai hannu, yana kiwon tarwada a tankin roba a bayan gida kuma suna yi masa kyau. Ya sa mai gilashi ya haɗa masa akwati mai cin lita 100, ya cika da ruwan burtsatse, ya zuba gishirin miya har sai da ya ɗanɗana ya ji ya yi, sannan ya jera wasu fararen rassa da aka aiko masa daga Legas. Ya kira ni in gani.

"Kawu, sati uku ke nan, ko launi bai fara yi ba. Ko taki zan sa mishi?"

Na ciro reshe ɗaya na juya shi. Fari fat, busasshe, jikinsa duk 'yan ramuka kamar saƙar zuma da aka tatse. Na nuna masa ramukan, na ce kowane ɗaya ɗakin wata dabba ne, kuma masu ɗakunan sun mutu tun kafin a sa shi a mota. Ya yi shiru yana kallon abin. Ban ga wautarsa ba ko kaɗan. An ce masa dutse ne, an ce masa tsiro ne, ya yi abin da ake yi wa dutse da tsiro.

Batun gishirin nan ma wata kalma ce da ke yaudara. Mu da muka san balma da manda da gishirin Foga mun san gishiri iri-iri ne, amma da an ce "ruwan gishiri" sai hankali ya tafi kicin. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, kuma ba duka ne irin na miya ba. A cikin kowace lita akwai kusan miligiram 1,300 na maganiziyam da sama da 400 na kalsiyam, ga wasu sinadaran da ke hana ruwan yin tsami. Waɗannan ne tubalin ginin murjani, kuma babu su a gishirin miya. Akwai gishiri na musamman da ake haɗawa don wannan aiki, akwatin lita 100 zai ci wajen kilo uku da rabi. Ba kuma da harshe ake aunawa ba, akwai 'yar na'ura da ake ɗiga mata ruwa a leƙa, ana neman ta nuna 1.025 ko kusa da haka. Ruwan da za a dama shi ma sai an tace shi da irin injin da masu fiya wata na kirki ke amfani da shi, saboda abin da ke cikin ruwan rijiya ko na famfo, musamman tagulla, ko kaɗan ne yana kashe murjani. Idan hunturu ya busa ruwan ya ragu, tataccen ruwa zalla ake ƙarawa. Kowace mai girki ta san haka: miyar da ta tsotse a kan wuta ruwa take so, gishirinta na nan bai je ko'ina ba.

Bayan nan sai jira. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. Wasu ƙwayoyin halitta ne ke zama a jikin duwatsun akwatin su juya ta zuwa naitirait, wasu su juya wannan zuwa naitiret mai sauƙin illa, wanda ake ragewa ta hanyar canza kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako ko biyu. Kafin su yi yawan da za su iya aikin, a ba su mako huɗu zuwa shida, akwatin babu kifi babu murjani.

Duk wannan mai yiwuwa ne ga mai haƙuri da ɗan abin hannu. Abin da nake jin tsoro shi ne zafi. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, dare da rana, shekara duka. A watan Afrilu garin nan yana haura 40. Ɗakin da ba na'urar sanyaya iska zai kai ruwan inda murjani ba zai jure ba, ga fitila da famfunan da ke ƙara masa ɗumi. Ana buƙatar na'urar sanyaya ruwa, ita kuma tana buƙatar wutar da ba ta yankewa. Famfon da ke kaɗa ruwan ma idan ya tsaya na wasu sa'o'i iskar shaƙa ta ragu a ciki. Tarwada tana iya hawowa sama ta shaƙi iska, shi ya sa take yafe wa mai kiwonta kurakurai da yawa. Murjani yana manne wuri ɗaya, ba ya da inda za shi. Ra'ayina, kuma ba na ɓoye shi: wanda bai tanadi sola da batir da za su riƙe akwatin kwana da kwanaki ba, bai kamata ya sayi murjani mai rai ba. Abu ne mai rai aka ɗauko daga nisan duniya, kuma mu da aka hore mu da tausayin dabba bai dace mu sa shi a inda muka san zai dahu ba don kawai falo ya yi kyau.

Wanda ya cika sharuɗɗan, ya fara da murjani mai laushi, irin mara ƙashi mai kama da laimar kwaɗi ko mai kama da fata, sun fi jure kuskure. Ya nemi wanda aka yanko daga akwatin wani aka raina, ba wanda aka fasa daga teku ba. Masu ƙashin suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai na daji, ba a tsallaka iyaka da su sai da takarda. Ya sa safar hannu, domin wasu ƙanana masu kama da maɓallin riga suna ɗauke da dafi mai tsanani.

Masu cewa akwai shi a Yauri kuwa, su sani ko a gaɓar tekun Najeriya babu tudun murjani na a zo a gani. Kogin Kwara da ke ratsa Yauri yana cikin dalilan: ruwan daɗi da laka da yake juyewa a teku suna rage gishiri, suna tare haske. Arzikin ruwanmu giwan ruwa ne da ƙarfasa da tarwada, irin wanda ake fitarwa a Matan Fada ranar bikin Argungu, kuma ba ƙaramin arziki ba ne.

Ɗan yayata ya zubar da ruwan farko ya wanke akwatin. Fararen rassan suna kan tagarsa. Yanzu tataccen ruwa ne kawai a ciki da ma'aunin zafi manne a gilashin, yana rubuta abin da ya nuna a bayan wani tsohon littafin makaranta, da asuba da kuma bayan la'asar. Mun yi da shi ba za a yi maganar sayen komai ba sai littafin ya ratsa Maris da Afrilu. Jiya da la'asar ya rubuta 31.