"Fulu, wato mura": ina aka samo wannan?

Tunda hunturu ya kankama a Kaduna, da wuya ka kunna rediyo ba ka ji "fulu" ba. Shekaranjiya wani mai gabatar da shirin safe ya ce "fulu, wato mura", ya wuce abinsa. Wannan "wato" ɗin ce ta hana ni sakat.

Mura kowa ya san ta. Yoyon hanci, atishawa, ƙaiƙayin maƙogwaro. Da ita za ka hau babur ka je Kasuwar Barci ka dawo, cikin mako guda ko kwana 10 ta sake ka.

Fulu kuwa, wadda likitoci ke kira infuluwenza, ƙwayar cutarta daban ce, kuma ba ta sallama. Da safe kana garau, kafin la'asar zazzaɓi ya rufe ka, kai na sara, gaɓoɓi kamar an yi maka dukan kawo wuƙa, ga busasshen tari. Ga tsoho, jariri, mai juna biyu ko mai ciwon sukari, tana iya gangarawa huhu ta zama nimoniya.

Abin haushin shi ne muna da sunanta. Annobar fulu ta 1918, wadda aka ƙiyasta ta kashe kusan mutum 500,000 a Najeriya, kakanninmu marisuwa suka kira ta. Mutanen da suka yini suna haƙa kabari ba su ce mura ba ce. Kalmar ta kwanta a ƙamus, mu kuma muka ɗora wa mura kayan da ba nata ba. A 2006 da cutar H5N1 ta ɓulla a wata gonar kaji a Jaji, karon farko a Afirka, muka ce murar tsuntsaye, alhali kaji ne ke zubewa kamar ganyen bishiya. A 2020 wasu kafafen suka raɗa wa korona "murar mashaƙo". Sai ga mashaƙon gaske ya shigo Kafanchan a 2023, shi kuma bakteriya ce ke kawo shi. To yanzu wanne ne wanne?

Wani zai ce ai duk suna ne. Ya je kemis ya tsaya. A Tudun Wada na ga wani magidanci, idanu jajur, yana rawar ɗari cikin rigar sanyi biyu. "Malam, 'yar mura ce, ba ni kafso, ka haɗa min da na maleriya." Aka ƙirgo masa a leda. Kafson nan bakteriya yake kashewa, ba ruwansa da bairos, ko ta mura ko ta fulu. Na maleriyar kuma ba a ko tsaga yatsansa an gwada ba, ga shi zazzaɓin biyu kamar tagwaye suke a kwanakin farko.

Da zai fita na ji numfashinsa sama-sama, yana dafe ƙirji. Na ce, "Alhaji, wannan fa ta asibiti ce." Ya ce sai ya ga yadda kafson ya yi tukuna.