Waiwaye: Yadda Sunan Gari Ya Zama Dukiyar da Doka Ke Tsarewa

A kudancin Faransa akwai wani ɗan ƙauye da ke maƙale a gindin dutse, ana ce masa Rokfo. Ƙarƙashin gidajensa koguna ne masu sanyi da laima, iska na ratsa su ta tsagogin dutsen dare da rana. Cikin waɗannan kogunan ake jera curin cukun nonon tumaki a kan katako, a bar shi har ya yi jijiyoyin nan shuɗaye da aka san shi da su. Tun shekarar 1411 Sarki Shal na Shida ya ba mutanen ƙauyen ikon nunar da wannan cuku su kaɗai. A 1666 kotun Tulus ta yanke hukuncin ladabtar da masu sayar da na jabu da sunansa. Wato fiye da shekara 600 ke nan ana fama da tambaya ɗaya: idan sunan wuri ya zama shaidar ingancin kaya, wa ke da haƙƙin rataya shi a kan hajarsa?

Wannan shi ne abin da masana doka ke kira alamar asalin kaya. Ta bambanta da tambarin kasuwanci. Tambari na mutum ɗaya ne ko kamfani ɗaya. Mai shi zai iya sayar da shi, zai iya kwashe masana'antarsa ya koma wata nahiya da abinsa. Alamar asali kuwa ba ta tashi daga inda take. Dukiyar jama'ar yanki ce, duk wanda ke cikin iyakar kuma ya bi ƙa'idar sana'ar yana da rabo a ciki, wanda ke waje ba shi da shi ko da ya fi kowa gwaninta. Dalili shi ne an yarda cewa ƙasa da ruwa da iskar wurin, haɗe da hannun mutanensa da abin da suka gada, su ne suka ba kayan ɗanɗano ko ƙwarin da ba a samu a wani wuri.

Shata iyaka a kan taswira ta fara ne da gonakin inabi. A 1716 mai mulkin Tuskani ya fayyace yankin Kiyanti a Italiya, a 1756 kuma gwamnatin Fotugal ta ware yankin gonakin inabi na kwarin Doro. Amma tsarin da duniya ke bi yau daga wata masifa ya fito.

Daga shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, da ya shigo daga Amurka, ya bi gonakin inabin Faransa ya yi musu ƙarƙaf. Kaya ya yi ƙaranci, buƙata na nan, sai masu algus suka samu ƙofa. Ana haɗa ruwa da sukari da busasshen inabi, ko a sayo giya mai arha daga nesa, a liƙa mata sunan sanannen yanki. Manomi ya ci bashi ya sake dasa gonarsa, ya jira shekaru, ranar da ya kai amfaninsa kasuwa sai ya tarar an cika ta da jabu mai ɗauke da sunan garinsu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Dokar yaƙi da algus ta 1905 ta ba gwamnati ikon shata iyakokin yankuna, sai dai shatawar kanta ta zama wata sabuwar wuta. A yankin Shamfen, wanda giyarsa ta yi suna, manoman lardin Man suna zargin manyan 'yan kasuwa da shigo da inabin waje, manoman lardin Ob kuma suna kukan an fitar da su daga iyakar. A watan Afrilun 1911 abin ya fashe: aka fasa rumbuna, aka tuntsurar da ganguna a tituna, aka cinna wa gidaje wuta a garin Ayi, har sai da aka turo dubban sojoji. Ba a mayar da Ob cikin iyakar baki ɗaya ba sai 1927.

Darasin da aka koya a wannan rikici shi ne iyaka kaɗai ba ta isa ba. Mutum na iya zama a tsakiyar yankin amma ya yi aikin banza, ya ɓata wa kowa suna. Shi ya sa dokar 1925 ta cukun Rokfo ta faɗi irin nonon da inda za a nunar da shi, dokar 30 ga Yulin 1935 kuma ta kafa kwamiti na ƙasa kan giyar inabi wanda masu sana'ar da kansu ke zama a ciki, su rubuta ƙa'idojinsu: irin da za a shuka, yawan abin da za a girba a kowace kadada, yadda za a sarrafa. Gwamnati ta sa hannu, masu dubawa su bi sawu. A ganina nan ne zuciyar al'amarin take, kuma nan ne ƙasashe da yawa da suka kwafi dokar daga baya suka yi tuntuɓe. Sun ɗauki takardar rajista, sun bar ƙungiyar masu sana'a da aikin dubawa a baya.

A fagen ƙasa da ƙasa tafiyar hawainiya aka yi. Yarjejeniyar Faris ta 1883 ta ambaci alamar tushen kaya, ta Madrid ta 1891 ta ba da damar kame hajar da aka yi ƙaryar inda ta fito, ta Lisbon ta 1958 ta buɗe rajista guda a matakin duniya. Amma bayan fiye da shekara 50, ƙasashen da suka shiga ta Lisbon ba su kai 30 ba.

Babban sauyi ya zo a farkon shekarun 1990. A 1992 Tarayyar Turai ta kafa rajistarta mai mataki biyu: mai tsauri, wanda dole a yi komai daga fari zuwa ƙarshe a cikin yankin, da mai sauƙi, wanda ya isa a yi mataki ɗaya a can muddin sunan kayan ya samo asali daga wurin. A 1994 a Marakesh aka sa hannu kan yarjejeniyar mallakar fasaha ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta ɗora wa kowace ƙasa memba nauyin kare alamomin asali. Sai dai an yi rabon da har yau yake ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Sashe na 22 ya kare kowane irin kaya, amma sai mai ƙara ya nuna cewa ana yaudarar mai saye ko ana yi masa gasar rashin adalci. Sashe na 23 kuwa ya ba giya da barasa kariya ta musamman: ko da an rubuta ainihin inda aka yi su, ko an ƙara kalma irin "samfurin" ko "kwatankwacin", ba a yarda a taɓa sunan ba. To ƙasashen da arzikinsu shayi ne da gahawa da shinkafa da kayan yaji fa? Sun nemi a shimfiɗa musu irin wannan kariya, an sa batun a tattaunawar Doha tun 2001, kuma har yanzu yana nan inda aka ajiye shi. Ban ga wata hujja ta hankali da za ta sa sunan giya ya fi sunan ganyen shayi alfarma ba, in ban da cewa masu giyar su ne ke da ƙarfi a teburin ranar da aka yi rabon.

Adalci ne kuma a saurari ɗaya ɓangaren, don suna da tasu hujja. Amurka da Ostireliya da Kanada da Ajantina ƙasashe ne da baƙin haure daga Turai suka cika, suka taho da sana'o'insu da sunayen da suka sani. Jikan mai yin cuku da kakansa ya bar Italiya shekara ɗari da suka wuce yana ganin sunan ya riga ya zama gama-gari, yana nufin nau'in kaya ne kawai. Amurka ta fi son a kare irin waɗannan sunaye ta hanyar tambarin shaida a ƙarƙashin dokar tambari. Ita da Ostireliya suka kai Tarayyar Turai ƙara, a 2005 aka yanke cewa tsarin Turai na nuna wa masu nema daga waje bambanci, dole ta gyara a 2006. Shekara guda bayan haka gahawar Kolombiya ta zama haja ta farko daga wajen tarayyar da ta shiga rajistar. Ko a cikin Turan ma ba a kwashe lafiya ba. An yi wa cukun feta rajista da sunan Girka a 1996, kotu ta soke a 1999, aka mayar a 2002, kotu ta tabbatar a 2005 duk da adawar Denmak da Jamus. A 2023 kuma wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ce sunan cukun Guriya, wanda Suwizalan da Faransa ke karewa, gama-gari ne a kasuwarta. Suna ɗaya, nan dukiya ce mai tsaro, can kowa ya ɗiba.

Ƙasashe masu tasowa yawanci ba su farga ba sai da suka ji hannun wani a aljihunsu. A 1997 kamfanin RiceTec na jihar Tekzas ya samu takardar mallakar ƙirƙira a kan wasu nau'o'in shinkafa da ya danganta da basmati, shinkafar nan mai ƙamshi ta Indiya da Fakistan. Indiya ta tashi tsaye, a 2001 aka zubar da mafi yawan abin da kamfanin ya yi da'awa, amma tsoratar da aka yi na cikin abin da ya sa ƙasar ta yi dokarta ta 1999, wadda ta fara aiki a 2003. Shayin Dajilin, wani yanki mai tsaunuka a Indiya, shi ne ya fara shiga rajistar, domin an daɗe ana sayar da abin da ya ninka ainihin abin da lambunan tsaunin ke fitarwa da wannan suna. Basmatin kanta ba ta huta ba: da Indiya ta nemi a yi mata rajista a Turai, Fakistan ta ƙalubalanta, tunda yankin da ake nomanta ya ratsa iyakar ƙasashen biyu.

Habasha ta bi wata hanya daban. Da ta dubi yawan ƙananan manomanta da tsadar bin kowane buhu tun daga gona, sai ta zaɓi yi wa sunayen gahawarta, Sidamo da Harar da Yirgacafe, rajistar tambarin kasuwanci, ta riƙa ba masu saye lasisi. Ta yi sa-in-sa da kamfanin gahawa na Amurka, Starbucks, a kan haka har suka daidaita a 2007. Wannan zaɓi ya tona wata gaskiya da ba a cika faɗa ba: alamar asali tana da tsada. Sai an rubuta kundin ƙa'idoji, an shata iyaka, an ɗauki masu dubawa, an ajiye lissafin wanda ya noma da abin da ya sayar, an kuma tanadi kuɗin lauya na ranar da za a kama ɓarawon suna a wata ƙasa.

Ƙungiyar mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka mai mambobi 17 da ke da hedikwata a Yawunde tana da tanadin alamar asali tun yarjejeniyar Bangi ta 1977, amma sai 2013 aka yi wa kayan yankin rajistar farko: masoron Fenja da farar zumar Oku daga Kamaru, da gahawar Ziyama-Masenta daga Gini. Shekara 36 doka na kwance a takarda. Abin da ya tashe ta ba sabon sashe ba ne, aiki ne na shekaru da aka yi wajen haɗa manoma ƙungiya da rubuta yadda suke sana'arsu. Masoron Fenja, wanda ake nomawa a ƙasar tsohon dutse mai aman wuta, ya shiga rajistar Turai a 2022. A matakin duniya kuma an sabunta tsarin Lisbon a Janeba a 2015, sabon tsarin ya fara aiki a Fabrairun 2020, ya kuma buɗe ƙofa ga ƙungiyoyin ƙasashe su shiga a dunƙule. Tarayyar Turai ma ta faɗaɗa nata da dokar 2023, ta haɗa da kayan hannu irin su gilashi da tangaran da saƙa, abin da Indiya ta riga ta yi tun farkon dokarta.

Amma ko an yi rajista, tsugunne ba ta ƙare ba, domin akwai tambayar wanda kuɗin ke shiga hannunsa a cikin yankin. Meziko ta ayyana sunan tekila, barasar da ake yi da wani tsiro mai suna agabe, a 1974, kasuwarta ta bunƙasa ƙwarai, manyan kamfanoni suka mamaye ta, ƙaramin manomin da ke shuka tsiron kuwa yana ta fama da hawa da saukar farashi. Mai tsinkar ganye a lambunan Dajilin ma har yau ƙaramin lada take karɓa, duk da darajar sunan da ke kan kwalin. Wannan yana damuna fiye da duk gardamar da ake yi a Janeba, don sunan da ake karewa gumin waɗannan mutane ne ya gina shi.

Labarin ruibos, jan shayin tsaunukan Sidabag na Afirka ta Kudu, ya tattara duka waɗannan. An taɓa yi wa sunan rajistar tambari a Amurka a 1994, har ya zama masu fitar da shi daga ƙasarsa ta asali na fuskantar barazanar shari'a idan suka kira shi da sunansa; sai 2005 aka saki sunan. A 2013 wani kamfani a Faransa ya sake gwada irin haka, aka taka masa birki. A 2021 ruibos ya shiga rajistar Turai a mataki mai tsauri, na farko daga Afirka. Amma al'ummomin Koyi da San, waɗanda kakanninsu suka fara sanin amfanin tsiron, ba rajistar ce ta ba su rabo ba. Wata yarjejeniya ce daban da aka sa wa hannu a 2019 bayan shekaru ana ja-in-ja, wadda ta ware musu kashi 1.5 cikin 100 na kuɗin da ake sayen ganyen a bakin gona. Kuɗin farko, rand miliyan 12.2 na kuɗin Afirka ta Kudu, ya shiga asusunsu a 2022.