Ma'anar "dokar hana leda": wace leda ake nufi, kuma ta yaya ake gane ta?

Da zarar an ji wata jiha ko ƙasa ta "hana leda", abin da mai shago a kasuwar Singa ko Rimi a Kano zai fara tambaya shi ne, to sukari da garin kwaki a me za a ƙulla? Tambayarsa tana kan hanya, sai dai yawancin waɗannan dokoki ba kowace leda suke nufi ba. Wadda suke hari ita ce ledar da mai kanti ke miƙa wa mai saye ya zuba kaya ya kai gida, da ya juye kayan aikinta ya ƙare. Ita ake kira ledar amfani sau ɗaya, wato irin baƙar ledar cefanen nan da iska ke liƙawa a jikin waya da bishiya. Ledar da burodi ko madara ke zuwa a ciki daga kamfani babinta daban ne.

Doka ba ta aiki da "siririya" ko "mai kauri" a baki, sai da awo. Ma'aunin shi ne maikiron, kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Tarayyar Turai tana kiran duk ledar da ba ta kai maikiron 50 ba marar nauyi. Indiya ta hana wadda ba ta kai 75 ba a 2021, ta ɗaga zuwa 120 a ƙarshen 2022. Jihar Legas, wadda ta hana robar zuba abinci mai kama da soso a Janairun 2024, ta fara aiwatar da haramcin ledar da ba ta kai maikiron 40 ba daga 1 ga Yuli 2025, amma ba ta sa ledar fiya wata da gorar ruwa a ciki ba.

Ido ba ya raba 30 da 40, yatsa ma haka. Ana awon ne da ƙaramar na'urar maikiromita, kuma a nan ake yawan yin kuskure: leda a shimfiɗe fuska biyu ce, wanda ya matse ta haka nan ya auna ninki biyu ke nan, sai ya raba adadin gida biyu. Hanya mafi tabbas ita ce a jera leda 10, fuska 20 ke nan, a auna su tare nesa da wurin ɗinki da naɗin gefe. In kowace fuska maikiron 40 ce, jimlar za ta ba da milimita 0.8. Duk abin da ya gaza haka bai cika ba.

Wasu ƙasashe haramci suke yi kai tsaye. Bangaladash ce ta fara a 2002, bayan an ga yadda leda ke toshe magudanan ruwa lokacin ambaliya. Ruwanda ta bi a 2008, Kenya kuma a Agustan 2017 da hukunci mai tsanani: ɗaurin da zai iya kai shekara 4 ko tarar da ta kai shilin miliyan 4, ga mai sarrafawa da mai shigowa da ita da mai sayarwa. Wasu kuma kuɗi suke ɗorawa. Ƙasar Ayalan ta sa santi 15 na kuɗin yuro a kan kowace leda a 2002, amfani da ita ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Ingila ta sa fani 5 na kuɗin fam a manyan kantuna a 2015, ta mayar da shi 10 a dukkan shaguna a 2021. Sirrin wannan hanya shi ne a nuna kuɗin daban a rasit. In mai kanti ya cusa shi cikin farashin kaya, mai saye ba zai ji komai a jikinsa ba, zai ci gaba da cewa a ƙara masa leda.

Inda dokar ta fi tuntuɓe shi ne batun kaurin nan. Ledar maikiron 40 tana cin roba ninki biyu na mai 20 in girmansu ɗaya. In mutane suka ci gaba da yar da ita bayan amfani ɗaya, nauyin sharar ƙaruwa zai yi. Haka ta faru a jihar Kalifoniya ta Amurka: an bar kantuna su sayar da leda mai kauri da sunan ta maimaitawa ce, mutane suka riƙa zubar da ita kamar ta da, har aka sake doka a 2024 da ta hana kowace irin leda a wurin biyan kuɗi daga farkon 2026. A Kenya kuma kasuwa ta cika da jaka mai kama da yadi alhali roba ce, mai saurin yagewa, sai da hukumar muhalli ta dawo kanta a 2019. Akwai kuma ledar da ake rubuta wa "mai narkewa", wadda a gaskiya farfashewa kawai take yi ta zama ɓurɓushi a cikin ƙasa.

A Kano illar ba ɓoyayya ba ce. Duk wanda ya leƙa kwatocin unguwa ko Jakara a watan Agusta ya ga abin da ke tare ruwa, mahauta kuma sun san dunƙulen ledar da ake cirowa daga tumbin akuya da saniya. 'Yan gwangwan ba sa damuwa da siririyar leda, don sai an tara tuli kafin ta yi kilo, ga datti da laima.

Amma tsarin kuɗi a rasit na manyan kantuna ne irin na Ado Bayero Mall. Cinikin Kano yawancinsa a tebur yake, wurin mai kayan miya a 'Yankaba, mai ƙosai, mai koko da ke ƙulla shi da zafinsa. Ba hukumar da ke da ma'aikatan bin waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kuma kama mai tumatir a bar mai injin zalunci ne. Wurin da doka irin wannan za ta iya riƙewa shi ne masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai da dilolin da ke sayar da bandir: a ba su wa'adin sauya saitin inji da ƙarar da tsohon kaya, a wajabta buga sunan kamfani da adadin maikiron a jikin kowace leda, yadda jami'in da ya tarar da marar tambari a kasuwa zai san ta ɓarauniyar hanya ta shigo, ya bi ta har wurin dilan da ya kawo ta.