Na'urar da ke yi wa kaya cigiya: tambayoyi da amsoshi kan AirTag da ire-irenta

A da, idan abu ya ɓace wa mutum, sai ya bi masallaci da kasuwa da tasha yana cigiya, ko ya biya a yi masa sanarwa a gidan rediyo, sannan ya koma gida ya jira mai tsoron Allah da ya tsinta. Yanzu akwai wata 'yar na'ura da ake maƙala wa mukulli ko a jefa cikin jaka, wadda ita da kanta ke yin cigiyar, wayoyin mutanen da ba su taɓa sanin mai kayan ba kuma su ne ke kai masa labari.

Wace irin na'ura ce wannan, kuma su wane ne ke ƙera ta?

Ƙaramar aba ce da ba ta wuce murfin kwalbar lemo ba sosai, a cikinta akwai batir, da 'yar lasifika, da abin da ke watsa siginar Bluetooth. Kamfanin Tile na Amurka, wanda aka kafa a 2012, yana cikin waɗanda suka fara fito da ita kasuwa, kafin kamfanin Life360 ya sanar da sayensa a 2021. A watan Janairun 2021 ɗin ne Samsung ya fito da Galaxy SmartTag, a watan Afrilu kuma Apple ya fito da AirTag, mai nauyin giram 11, a kan dala 29 guda ɗaya ko dala 99 guda huɗu. Google bai ƙera tasa ba. Abin da ya yi shi ne buɗe tsarinsa na neman kaya a watan Afrilun 2024, wanda daga baya ya raɗa wa suna Find Hub, ya bar kamfanoni irin su Chipolo da Pebblebee da Motorola su ƙera na'urorin da ke aiki da shi.

Idan ba ta da layin waya, ta yaya take sanar da mai ita inda take?

A nan ne mutane da yawa ke kuskure, domin suna ɗauka na'urar tana da GPS, tana magana da tauraron ɗan'adam. Ba ta da GPS, ba ta da layin waya, ba ta hawa intanet, hasali ma ba ta san inda take ba. Aikinta ɗaya ne: ta riƙa watsa wata 'yar lamba ta siginar Bluetooth a kai a kai, kamar yaron da ya ɓace a kasuwa yana ta faɗar sunansa. Siginar ba ta zuwa da nisa, mita 10 ce ko wasu 'yan gomomi idan babu bango a tsakani, kuma saboda irin Bluetooth ɗin da take amfani da shi ba ya cin wuta, batir guda yana kai ta kusan shekara.

Sauran aikin na gayya ne. A ɗauka wani alhaji ya sauka a Kano, jakarsa kuma ta maƙale a filin jirgin Jidda, da AirTag a cikin aljihunta na ciki, tsakanin dabino da tasbaha. Wani ma'aikaci ya gitta ta wajen tulin jakunkunan da iPhone a aljihunsa. Wayar tasa ta ji siginar, ta duba inda ita kanta take da nata GPS ɗin, ta kulle wannan bayani, ta tura shi zuwa rumbun Apple, duk ba tare da ta yi ƙara ko ta nuna masa komai ba. Alhaji yana zaune a gida ya buɗe Find My, manhajar Apple ta neman kaya, sai ya ga ɗigo a kan taswira tare da lokacin da aka ji ɗuriyar jakar na ƙarshe. Wannan lokacin yana da muhimmanci, domin abin da taswirar ke nunawa shi ne inda jakar take sa'ad da wata waya ta wuce kusa da ita, wanda zai iya zama minti biyu da suka wuce, zai kuma iya zama shekaranjiya.

Shin mai wayar da ta kai labarin yana ganin kayan, ko mai kayan yana ganin sa?

A tsarin Apple da na Google, amsar ita ce a'a ta kowane ɓangare. Lambar da na'urar ke watsawa tamkar kwaɗo ce da aka bari a buɗe: duk wayar da ta gitta za ta iya saka bayanin wuri a akwati ta datse, amma mukullin buɗewa yana wayar mai kayan kaɗai. Kamfanonin sun ce su da kansu ba sa iya karanta abin da ke ciki. Lambar kuma tana sauyawa lokaci zuwa lokaci, don kada wani ya riƙe ta ya riƙa gane na'urar duk inda ta je. Data da batir da wayar mai wucewa ke kashewa a wannan aiki kaɗan ne ƙwarai, kuma wanda ba ya son shiga gayyar yana iya cire wayarsa a wajen saituna, sai dai idan tasa wayar ta ɓace ba ta kan intanet, shi ma ya rasa wannan taimako.

Kowace iri mutum ya saya za ta yi masa aiki a ko'ina?

Ba za ta yi ba, kuma wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi kafin a fitar da kuɗi. Ƙarfin na'urar ba a jikinta yake ba, yana ga yawan wayoyin da ke amsa mata. AirTag na'urorin Apple ne kaɗai ke kai labarinta, kuma sai da iPhone ko iPad ake haɗa ta tun farko. SmartTag ta wayoyin Galaxy ce. Tile tana aiki da Android da iPhone duka, amma ta dogara ne ga waɗanda suka sauke manhajar kamfanin. Lokacin da Apple ya fito da AirTag ya ce na'urorin da ke cikin tsarinsa sun kusa biliyan ɗaya, to amma ba a rarraba su daidai a duniya ba. A Landan ko Niyok da wuya jaka ta yi minti biyar iPhone ba ta gitta ta ba. A yawancin garuruwanmu kuwa, inda Tecno da Infinix da Itel suka cika hannun jama'a, AirTag za ta iya yin aiki a filin jirgi ko a unguwannin da masu iPhone suka yi yawa, amma ta yi shiru na kwanaki a ƙauye.

Mai karatu zai ce ashe tsarin Google ne ya dace da mu, tunda Android ta fi yawa. Haka ne a lissafi, sai dai akwai sharaɗi. Google ya fito da tsarin a kan cewa ba za a nuna wurin na'ura ba sai wayoyi fiye da ɗaya sun ji ta, don kada a yi amfani da shi a gano gidan mutum a wurin da ba kowa. Mai waya yana iya sauya wannan ya ba da gudummawa a ko'ina, amma mutane ƙalilan ne ke shiga saituna su taɓa irin wannan abu. Ƙari a kan haka, dole wayar mai wucewa ta kasance Bluetooth a kunne, manhajar gano wuri a kunne, da data a ciki, alhali da yawa daga cikinmu kashe su muke yi don tattalin caji.

Idan an zo kusa da kayan fa?

Ana danna maɓalli a waya na'urar ta yi ƙara, a bi sautin har ƙarƙashin katifa. AirTag tana da ƙarin fasaha da ke sa iPhone 11 da mafi yawan waɗanda suka biyo bayanta su nuna kibiya da yawan tazarar da ta rage. Wanda ya tsinci AirTag kuma, ko da wayar Android ce da shi matuƙar tana da NFC, wato fasahar da ke sa waya ta karanta abin da aka kara mata, idan ya kara ta a bayan wayar zai ga lambar waya ko saƙon da mai ita ya bari.

Za ta iya kare babur ko dabba daga ɓarawo?

Wani lokaci tana taimakawa. A 2023 magajin garin Niyok na lokacin, Eric Adams, ya sanar da raba AirTag 500 don rage satar motoci. Amma don ɓatan kaya aka ƙera ta, kuma matakan da aka sa mata don kare mutane su ne ke tona ta ga ɓarawo, domin za ta yi ƙara, wayarsa ma za ta gargaɗe shi. Saniyar da aka kora cikin daji, inda ba waya ba sabis, ba abin da za a gani sai wurin da aka rabu da ita. Mai son bin sawun abin hawa kai-tsaye yana buƙatar na'urar GPS mai layin waya, wadda ake biya wa kuɗin wata. Ko da taswira ta nuna gidan da kayan yake, shawarata ita ce a kai wa 'yan sanda bayanin, kada mutum ya tunkari ƙofar shi kaɗai.

Ba za a iya amfani da ita a bibiyi mutum ba tare da saninsa ba?

Za a iya, kuma an yi. Abin da ya sa ta iya gano jaka shi ne ya sa ta iya gano macen da ke rataye da jakar. Tun watannin farko aka fara samun rahotanni a Amurka na mutanen da suka tsinci AirTag a ƙarƙashin kujerar mota ko cikin aljihun riga, galibi tsohon miji ko tsohon saurayi ne ya saka. A watan Disambar 2022 wasu mata biyu suka shigar da Apple ƙara a kotun tarayya da ke San Francisco a kan haka.

Gyaran ya zo ne a hankali, a ganina ma ya yi jinkiri. Da farko sai AirTag ta yi kwana uku da rabuwa da mai ita kafin ta yi ƙara. A watan Yunin 2021 aka mayar da shi tsakanin awa 8 zuwa 24. Masu iPhone suna samun gargaɗi tun farko, amma masu Android sai a watan Disambar 2021 aka ba su manhajar Tracker Detect, wadda sai mutum ya buɗe ta da kansa ya yi bincike. A 2023 Apple da Google suka gabatar da ƙa'ida guda tare, a watan Mayun 2024 kuma ta fara aiki a iPhone masu tsarin iOS 17.5 da wayoyin Android 6.0 zuwa sama, ta yadda waya ke gargaɗin mai ita idan baƙuwar na'ura tana tafiya tare da shi. Mai ƙaramar waya wadda ba ta hawa intanet kuwa, ƙarar na'urar kaɗai ce kariyarsa, kuma mugu yana iya lalata lasifikar.

Wanda ya ga irin wannan gargaɗi ya sa na'urar ta yi ƙara ya nemo ta, ya kara ta a wayarsa ya ɗauki hoton lambar shaidarta da za ta bayyana, domin da ita hukuma za ta iya neman sanin mai ita daga kamfani. Idan AirTag ce, a danna murfin ƙarfen da yatsa biyu, a murɗa shi hagu, a zare batir, nan take ta daina watsa komai. Sai dai wanda ya saka ta zai ga wurin ƙarshe da aka ji ta, saboda haka idan ana tsoron sa, gara a cire batirin a wurin jama'a ko a ofishin 'yan sanda, kada a bari sai an isa gidan da aka fake.

An yarda a saka ta a jakar da za ta shiga jirgin sama?

An yarda. A watan Oktobar 2022 an ɗan samu ruɗani lokacin da kamfanin Lufthansa ya nuna kamar ya hana, amma cikin 'yan kwanaki ya ce babu laifi. Daga ƙarshen 2024 ma Apple ya ƙara hanyar da fasinja zai tura wa kamfanin jirgi wurin jakarsa na ɗan lokaci, kamfanoni irin su United da British Airways kuma suka karɓa.

Batirin fa?

A AirTag da SmartTag ƙaramin batir ne mai kama da sulalla, CR2032, ana samun sa a wajen masu gyaran agogo, kuma waya tana sanarwa idan ya kusa ƙarewa. Wasu irin na Tile ba a sauya musu batir, idan ya mutu sai a sayi sabuwa. Apple ya yi gargaɗin cewa wasu batiran da aka shafa wa abu mai ɗaci don hana yara tsotsa ba sa haɗuwa da AirTag yadda ya kamata. A gidan da ke da ƙananan yara, a ajiye tsohon batirin da sabon inda hannu ba ya kai, domin idan yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa biyu, kuma abin yi shi ne a garzaya asibiti nan take ba tare da jiran alamar ciwo ba.