Littattafan kimiyya masu sa mutum ya yi shakkar kansa, da finafinan da aka yi da su: tambayoyi da amsoshi

Ƙanena da abokansa sun tare ni a majalisarmu ta wajen mai shayi nan Unguwar Rogo, ranar da sanyin Jos ya hana kowa tashi da wuri, wai sun kalli Blade Runner a waya ba su gane komai ba, ni kuma sun san na daɗe ina bin irin waɗannan littattafan. To ga tambayoyin da suka yi mun da abin da na ce musu, na ƙara da wanda na tuna bayan mun watse.

Yaya, wai wane irin labari ne wannan ɗin?

Ƙagaggen labarin kimiyya ne, amma ba irin na jiragen sama jannati da harbe-harbe a sararin samaniya ba. Wannan reshen abu biyu yake taɓawa, zargi da asali. Zargi ina nufin wannan ɗar-ɗar ɗin da mutum zai ji ana bibiyarsa, matarsa ba matarsa ba ce, gwamnati ko kamfani na wasa da hankalinsa. Asali kuma tambayar ko ni wane ne, abin da nake tunawa ya faru da gaske ko dasa mun aka yi. Mu ma ai muna da tatsuniyar rikiɗa, baƙon da ya zo neman aure ashe ba mutum ba ne, sai dai a tatsuniya kullum wani ne yake rikiɗa kai mai sauraro kana zaune lafiya, su kuwa waɗannan marubutan sai su juyo da zargin kanka, ace kai ne abin da kake farauta kuma baka sani ba.

Wane ne ya fi shahara a ciki?

Philip K. Dick, ɗan Amurka, an haife shi a Chicago 1928 ya rasu 1982 a Kalifoniya. Ya rubuta littattafan labari sama da 40 da gajerun labarai sama da 100, mafi yawan rayuwarsa cikin babu ya yi ta, yana rubutu da sauri don ya samu na haya, yana shan ƙwayar hana barci don ya kai. Tagwaye aka haife su, 'yar uwarsa Jane ta rasu tana 'yan makonni, kuma da ya mutu kusa da ita aka binne shi a Kolorado. Wallahi in ka san wannan sai ka gane dalilin da yasa labaransa cike suke da mutum biyu a jiki ɗaya, da wanda ake nema ba a gani. A 1971 an fasa masa gida an fasa akwatin ajiye takardunsa, ya yi shekaru yana lissafin wanda ya aikata, yau yace hukuma gobe yace 'yan ƙwaya, har kansa sai da ya zarga. Kaga shi zargin ba a littafi ya karanto shi ba.

To Blade Runner daidai yake da littafinsa?

Ko kusa. Littafin Dick da aka yi fim ɗin da shi ya fito 1968, sunansa Do Androids Dream of Electric Sheep, wato tambaya ce ko mutanen ƙira, waɗanda ba haifarsu aka yi ba ƙera su aka yi, suna mafarkin tunkiyar lantarki. Fim ɗin kuma 1982, Ridley Scott darakta, Harrison Ford akta. Ƙashin bayan ɗaya ne, Rick Deckard aikinsa farautar mutanen ƙira da suka gudo duniya, sun yi kama da mu sak. Amma fim ya maida garin daga San Francisco zuwa Los Angeles, ya cire matar Deckard, ya cire addinin da mutanen littafin ke bi, sannan ya cire tunkiyar, wadda ni a wajena ita ce zuciyar labarin.

A littafin an yi yaƙin nukiliya dabbobi sun kusa ƙarewa, don haka kiwon dabba ya zama shaidar mutunci, wanda bai da dabba ana masa kallon marar tausayi. Deckard yana da tunkiya a saman bene amma ta lantarki ce, yana ɓoyewa maƙwabta saboda kunya, kuma kuɗin kisan da yake yi burinsa ya sayi dabba mai rai da shi. Ya sayi akuya kuwa, daga baya aka jefo ta daga saman benen. Duk wanda ya tashi a gidan da ake ɗaure tunkiya a tsakar gida zai ji wannan a ransa fiye da Bature ma.

Gwajin da ake gane mutumin ƙira da shi, Voigt-Kampff, tausayi yake aunawa, a karanto maka labarin zaluntar dabba na'ura tana kallon idonka da fatar fuskarka. Abin da na daɗe ina tunani shi ne da za a kawo na'urar nan Jos ranar layya, ko a ɗora ta kan mahauci, me zata ce? Mutum mai tausayi ƙwarai sai ya faɗi, saboda tambayoyin na al'adar wasu ne. Dick ya san da wannan raunin, shiyasa ya sako wani mafarauci Phil Resch, mai kisa ba ko gezau, har shi kansa ya fara tsoron ko ƙira ne, aka gwada shi ya fito mutum cikakke. Akwai ma wajen da aka kama Deckard aka kai shi wani ofishin 'yan sanda da bai taɓa jin labarinsa ba, ba wanda ya san shi a ciki, na ɗan lokaci kai mai karatu ma baka san ofishin wa ne na ƙarya ba. Wannan duk babu a fim.

Shi Deckard ɗin mutum ne ko ƙira?

A littafi mutum ne, an gwada shi. A fim ne aka bar ƙofa a buɗe, musamman sigar 1992 da ta 2007 inda aka sa mafarkin doki mai ƙaho ɗaya, sai ga wani ɗan sanda ya ajiye masa irin dokin na takarda, kamar yana ce masa na san mafarkinka. Scott yace ƙira ne, Ford yace shi mutum ya fito. Na fi karkata ga Ford, don in Deckard ƙira ne to rashin tausayinsa yana da uzuri, in kuwa mutum ne babu.

Banda Dick fa, Yaya?

Akwai Jack Finney da The Body Snatchers na 1955. Likita ne a wani ƙaramin gari, mutane suka fara zuwa suna cewa kawuna ba kawuna ba ne, fuska ɗaya murya ɗaya amma wani abu ya fita daga cikinsa. Ashe wasu kwansuna ne daga sama, in ka yi barci su kwafe ka. An yi fim ɗinsa 1956, 1978, 1993 da 2007. A littafin baƙin suna haƙura su tafi, na 1978 kuwa da Donald Sutherland ƙarshensa babu mafita sam. Lokacin na farkon Amurka na cikin yaƙin cacar baka da Rasha, zamanin Sanata McCarthy ana farautar 'yan gurguzu a ofisoshi da masana'antar fim, shiyasa wasu suka ce kwansunan gurguzu ne wasu suka ce masu farautar ne. Kuma ciwon na gaske ne a likitance, wani likitan Faransa Joseph Capgras ya bayyana shi 1923, majinyaci ya haƙiƙance an musanya masa ɗan uwa.

Sai Who Goes There na John W. Campbell, 1938, masu bincike a Antaktika da wata halitta mai rikiɗa ta zama duk wanda ta ci. John Carpenter ya yi shi fim da sunan The Thing, ya fito 25 ga Yuni 1982, rana ɗaya da Blade Runner, dukansu ba su yi kasuwa ba a lokacin, mutane sun tafi kallon wani fim mai suna E.T. Dick bai ma kai ranar ba, ya rasu a Maris, ɗan ɓangaren Blade Runner kawai aka nuna masa.

Me yasa masu fim suke canza labarin haka?

Kamara bata ganin waswasi, gudu da harbi take gani. Kuma jaruman Dick ƙananan mutane ne, akawu, mai gyara, wanda matarsa ta raina. Total Recall na 1990 daga gajeren labarin Dick na 1966 aka ɗauko shi, mutumin ciki akawu ne da ya je kamfani a dasa masa tunanin ya taɓa zuwa duniyar Mas, sai aka tarar ya taɓa zuwa ɗin an goge masa. A fim sai ga Arnold Schwarzenegger, to wa zai ji tsoro a madadin Arnold? Minority Report ma haka, a labarin 1956 shugaban 'yan sandan da ke kama mutane kafin su yi laifi dattijo ne mai tumbi da sanƙo, kuma a ƙarshe ya aikata kisan da aka ce zai yi don kar tsarin ya rushe. Spielberg a 2002 ya kawo Tom Cruise ya sa aka rufe tsarin kowa ya koma gida. Fim ne mai kyau fa, ina son sa, amma littafin ya fi faɗin gaskiya kan yadda mai riƙe da ofis yake kare ofishinsa.

Mu a Jos me ya haɗa mu da wannan?

Ku yara ne lokacin, wasunku ba a haife su ba, amma mu da muka ga rikicin Jos na Satumbar 2001 mun san ranar da maƙwabci ya kalli maƙwabci ya kasa tabbatar da shi. Mutanen da suka ci abincin sallah da na kirsimeti tare shekara da shekaru, cikin kwana kaɗan aka koma tantance mutum da sunansa da tufafinsa da yadda yake gaisuwa, kowane ɓangare ya yi, kowane ɓangare an yi masa, har unguwanni suka rabu. Da na fara kallon The Thing bayan nan, wajen da aka ɗaure mutane ana gwada jininsu ɗaya bayan ɗaya, sai da na tsayar na fita waje. Halittar bata dame ni ba, yadda abokan aiki suke kallon juna ne na gane.

Yanzu kuma ga na waya, a ƙwace WhatsApp ɗin yayarka a turo maka saƙo da hotonta tana neman kuɗi, har murya ana iya kwaikwaya da kwamfuta, sai ka kira ka tambaye ta abin da ku biyu kaɗai kuka sani. Gwajin Deckard kenan muke yi ba mu sani ba.

To da wanne zamu fara?

A Scanner Darkly, littafin 1977, fim ɗin 2006 na Richard Linklater da Keanu Reeves, shi ne wanda ya fi bin Dick sau da ƙafa. An ɗauka da 'yan wasa na gaske sannan aka bi aka zana a kansu kamar katun. Bob Arctor ɗan sandan ciki ne da ya shiga cikin 'yan ƙwaya, in ya je ofis yana sa wata riga mai ɓoye kama ta yadda ko ogansa bai san fuskarsa ba, sunansa can Fred, sai aka ba Fred aikin sa ido kan Bob Arctor. Yana zama yana kallon kansa a kamara, ƙwayar da yake sha tana raba masa ƙwaƙwalwa biyu, har ya manta shi ne wancan ɗin, ya fara zarginsa da gaske. Nace ku fara da shi ne don dukanku kun san wani a layinku da sirof ko tiramol suka maida shi wani mutum daban, uwarsa tana kallonsa bata gane shi. A ƙarshen littafin Dick ya jera sunayen abokansa da ƙwaya ta kashe ko ta nakasa, kowa da abin da ya same shi, ya sa nasa sunan a ciki, kuma Linklater ya bar jerin a ƙarshen fim ɗin, don haka in rubutu ya fara hawowa kar ku kashe wayar.