Waiwaye: Tun yaushe jakuna suka fara ƙarewa?

Tun watan Fabrairun 2024, da shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Adis Ababa da haramta yanka jakuna don fatarsu, maganar jaki ba ta kwanta ba. Malaman likitancin dabbobi na jami'o'i da ɗalibansu suna ta wayar da kai a kan haƙƙin wannan dabba da amfaninta ga muhalli. Wasu na cewa 'yan boko ne suka kwaso al'adar Turawa, alhali tun muna yara ake karanta mana hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Wasu kuma na ganin masu sayen fata ne mafarin komai. Duka ɓangarorin sun ɗauka abin jiya ya fara.

Tarihin farko sananne ne. Da jakuna fatake suka yi safarar goro daga Gwanja, a ƙasar Ghana ta yanzu, su ne kuma suka riƙa kai gyada bakin sikeli bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Manoma sun san ire-iren jakuna, auraki da duna da fari da idabari, kowanne da irin aikin da ya fi iyawa. Labarin baya-bayan nan ma an sha jin sa. A Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani magani mai suna ejiao, jakunan ƙasar kuwa sun ragu ƙwarai daga kusan miliyan 11 da suke a farkon shekarun 1990, sai masu saye suka juyo Afirka. A 2016 Nijar ta hana fitar da jakuna, bayan an fitar da kimanin 80,000 tun shekarar ba ta ƙare ba, alhali 27,000 aka fitar a 2015.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo. An shimfiɗa kwalta, akori-kura ta fara shiga ƙauyuka ranar kasuwa, kayan da jakuna goma za su wuni suna ɗauka sai mota ta kwashe a sawu ɗaya. Mai gida ya dubi jakinsa a turke, yana cin harawa da dusa ba ya kawo komai, hawansa ma ya fara zama abin kunya ga samari. Sai aka fara sayarwa. Da yake Musulmi ba ya cin naman jakin gida, dillalai suka nemo masa kasuwa a wuraren da ake ci, aka shiga loda jakuna a manyan motoci zuwa kudu. Tsufa ko rauni ya daina zama dalilin a bar jaki ya huta a bayan gida, tunda ko gurgu ne yana da kuɗi. A nan ne, a ganina, lissafin mai jaki ya sauya.

Matsin tattalin arziki na shekarun 1980 ya sa mutane da dama sun koma wa jaki, amma hanyar kudu ba ta rufe ba. Da babura masu araha suka cika gari wajen shekarar 2000, daga baya kuma kurkura ta zo, ɗan abin da ya rage masa na dakon yashi da ruwa da taki ya ƙara ƙanƙancewa. Saboda haka lokacin da masu neman fata suka iso, sun tarar da dillali da mota da mayanka duk a shirye, daga kasuwanni irin ta Maigatari a Jigawa har zuwa Ezzamgbo a Ebonyi. Farashi kawai suka ɗaga.

Wannan ne ya sa nake ganin wayar da kan da jami'o'i ke yi ba za ta wadatar ba in ta tsaya a kan "kada a yanka". Wanda ya taɓa ɗaga akumari ya ga gyambon da ke ƙasa, ƙudaje na bi, ga mangala cike da yashi an sake ɗorawa a kai, ya san wahalar jaki ta girmi cinikin fata. Mai shi yana bukatar a nuna masa yadda zai gyara akumarin, ya yanke kofato, ya ba da maganin tsutsar ciki, domin dabbar ta daɗe tana yi masa aiki. Ilimin yana nan a tsangayoyin likitancin dabbobi na Zariya da Sakkwato da Maiduguri, kuma da Hausa ya kamata ya isa kara, wato kasuwar dabbobi.

Tun da man fetur ya yi tsada a 2023, manoma da yawa sun sake neman jaki don kai taki gona, sai suka tarar kuɗinsa ya fi ƙarfinsu. Jaka kuwa takan yi kusan shekara guda da ciki, ɗa ɗaya take haifa, shi ma sai ya yi shekara uku ko fiye kafin a ɗora masa kaya.